Daƙiƙa Sittin a Sama, Daƙiƙa Goma a Ƙofar Fada

A wuraren da ake wasan dirowa daga jirgin sama da laima, irin su Dubai da Amurka da Afirka ta Kudu, akwai wani mutum da ba a cika lura da shi ba. Idan aka buɗe ƙofar jirgi shi ne kan fara fita, ya maƙale a jikin jirgin iska na jibgarsa, kyamara ɗaure a hular kwanonsa, yana jiran baƙon da ya biya kuɗi da malamin da aka ɗaure su tare. Tsakaninsu da ƙasa kamar mita 4,000 ne. Da sun saki jiki, cikin 'yan daƙiƙu gudun faɗuwarsu ya kai kilomita 200 a awa, kuma daga barin jirgi zuwa buɗe laima da wuya a wuce minti ɗaya. A cikin wannan mintin mai kyamara zai iso gaban baƙon, ya daidaita faɗuwarsa da tasu, ya samo fuskar da iska ta yamutsa, ya samo buɗewar laima, sannan ya ƙara faɗawa kaɗan ya buɗe tasa, ya riga su sauka don ya ɗauki dirarsu. Kafin ƙafafun baƙon su daina rawa an tace hoton an sa masa kiɗa. Shekaru da dama faifan DVD ake danƙa masa a hannu, ya tafi gida ya nuna wa waɗanda suka ce ba zai iya ba.

Ba a wannan wasa a Gusau. A watan Maris na 2021 ma gwamnatin tarayya hana jirage shawagi a sararin Zamfara ta yi saboda matsalar tsaro, kuma ɗan arewan da ya san dirar laima a aikace, galibi soja ne da ya yi kwas a Jaji. Amma duk yaron da ya taɓa tsayawa da kyamara a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Gusau ranar hawan sallah ya ɗanɗani halin da wancan mutum yake shiga. Mahaya su jeru can nesa, su sako dawaki lokaci guda, ƙura ta tashi, su zo gaban sarki su ja linzami su yi jinjina. Doki a guje yana cin mita 12 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, ke nan filin mita 100 bai kai masa daƙiƙa goma ba. Ba a ce wa hakimi da jama'arsa su koma a sake jahi don batirin wani ya mutu. Haka abin yake a gidan dambe, inda za a daɗe ana zagaye ana auna juna, kisan kuma ya zo cikin ƙiftawar ido, sau da yawa daidai lokacin da mai kyamara ya juya yana ɗaukar makaɗa.

Matasa da yawa a Gusau da Tsafe da Bungudu sun shiga wannan sana'a, wasu da tsohuwar kyamarar kafaɗa da suka gada a shagon maigidansu, wasu da sabuwa mai memori, wasu da waya kawai. Yawancin tambayoyinsu a kan na'ura suke: wace kyamara, wace kwamfuta, wace manhaja. Masu tsallen laima kuwa, da kuskure kan ci ransu, daga wani wuri daban suke farawa.

Ƙungiyarsu ta Amurka, USPA, shawarar da take bayarwa ita ce kada mutum ya ɗaura kyamara, komai ƙanƙantarta, sai ya yi tsalle 200. Ba don danna maɓalli yana da wuya ba. Kyamara ɓarauniyar hankali ce. Wanda ke tunanin ko hoto ya fita, ko jar fitila na kunne, yana iya manta duba agogon da ke nuna masa nisan ƙasa, ga kuma igiyar laima da kan iya sarƙe abin da aka ɗora a hula. A watan Afrilu na 1988, a jihar North Carolina, wani gwani da ya yi tsalle fiye da 800 ya bi wani ɗalibi da malaminsa daga jirgi yana ɗaukarsu. Sai da lokacin buɗe laima ya yi, ya kai hannu ya ji wayam. Kayan ɗaukar hoto ya goya, laimar kuwa bai ɗaura ba. Kaset ɗin da aka tsinta a inda ya faɗi ne ya nuna wa masu bincike abin da ya faru.

Tsalle 200 na yaron Tsafe su ne sallolin da ya yi yana bin maigidansa da jaka da batir, an hana shi kyamara, yana ƙunƙuni. A nan ne ya kamata ya koyi abin da ba ya cikin littafin na'ura: wace tawaga ke gaba, wace ke biye, ta wace kwana dawaki ke juyawa bayan jinjina, yaushe 'yan bindiga ke sakin wuta, wane gefen fili rana ke komawa da la'asar. Doki ma kowanne da halinsa. Wani ƙarar bindiga ba ta dame shi ba, amma ya ga abu mai walƙiya sai ya yi tsalle gefe. Wani kuma ba a bi ta bayansa. Zagi ya san wannan, dogari ya san inda aka yarda mutum ya tsaya. Yaron da ya je tun da hantsi ya durƙusa ya gaishe su, ya ce, "Baba, don Allah ina ya dace in tsaya kada in tare hanya?" zai sami wurin da mai tsadaddiyar kyamara da ya zo a makare yana ture mutane ba zai samu ba.

Akwai wata yaudara da gilashin kyamara ke yi wadda ta isa ta kai mutum asibiti. Idan aka buɗe shi ya ɗauki fili da faɗi, abin da ke kusa sai ya bayyana da nisa a allo. Dokin da mai ɗauka yake gani kamar da saura, a zahiri ya iso kansa. Masu tsallen laima ba sa kallon allo sam. Wani ɗan zobe suke sakawa a gaban ido ɗaya, wanda aka daidaita da idon kyamara, duk inda suka kalla nan take ɗauka, idanunsu biyu kuma a buɗe suna ganin duniya yadda take. Wanda ke ƙasa ba shi da wannan zobe, amma yana da ƙane ko aboki. A tsayar da shi a baya, hannunsa riƙe da rigar mai ɗauka, aikinsa ɗaya: ya kalli dawaki, in sun kauce layi ya fizgo shi.

Gidan dambe ma da nasa karatu. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da igiya, da shi ake duka, ɗayan na kariya ne da auna nisa. Wanda bai lura wane ɗan dambe ne bahago ba zai tsaya a gefen da bayan mutum zai rufe masa dukan da aka zo kallo. Turmi uku ake yi, kuma da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa. Saboda haka hoton da ya yanke ƙafafu ya matso fuska ya zubar da hujjar da ɓangarorin dambe, 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada, za su kwana suna gardama a kanta. A ɗauki mutum biyun daga kai har ƙafa, a bar musu ɗan fili ta kowane gefe, kada a kashe kyamara sai an raba.

Abu na biyu da ya kamata a aro daga masu laima shi ne yadda suke mayar da minti ɗaya ya zama labari. Faɗuwar daƙiƙa sittin ce, amma bidiyon da baƙo ke tafiya da shi yakan kai minti biyar ko fiye, don an fara tun daga ƙasa: ana ɗaura masa ɗamara, ana tambayarsa ko yana jin tsoro yana dariyar yaƙe, ana tafiya wajen jirgi, ƙasa na nisa ta taga, ƙofa ta buɗe. Kafin a zo tsallen, mai kallo ya riga ya shiga zullumin. Hawan angwanci a Bungudu bai rasa irin waɗannan ba. Akwai barga da sassafe ana wanke doki, akwai ɗaura sirdi da shimfiɗa jalala, ga mai naɗa wa ango rawani yana ja yana gyarawa, ƙafa na shiga likkafa, yara a kan katanga, tsohuwa a bakin zaure tana guɗa. Kowanne daƙiƙa goma ya isa, kyamara a tsaye cak. Yaron da ya rubuta waɗannan a 'yar takarda tun daren jiya ya sa a aljihu, ya gama rabin aikin tacewa tun bai kunna kwamfuta ba.

Babbar cutar sabon shiga ita ce zum. Yatsa ba ya barin maɓallin: a jawo, a mayar, a jawo, a waiga hagu, a waiga dama, har mai kallo ya ji jiri. Duk sanda aka jawo hoto daga nesa, rawar hannu ma an jawo ta. Masu laima a buɗe suke barin gilashi, su kafe saitin nisa tun kafin su fita, wasu har da salatif suke liƙe shi, sannan su matsa kusa da jikinsu. Sun kuma gano tun zamanin ƙananan kyamarorin hannu cewa na'urar hana rawar hoto mai motsa gilashi daga ciki, wadda ke aiki lafiya lau a ƙasa, takan rikice cikin iska mai ƙarfi ta ƙara wa hoton karkarwa. A kwali ba a rubuta haka ba, gwaji ne ya nuna musu.

A filin hawa abokan gaba uku ne: ƙura, farar shadda, da rana. Kyamarar da aka bari ta nemo saiti da kanta, ƙura na tashi za ta bar mahayi ta kama ƙura, hoto ya dushe daidai lokacin jinjina. Gara a kafe saitin a inda dawaki za su tsaya. Farar riga da farin rawani a tsakar rana kuwa ruɗa kyamara suke yi, ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, sai riga ta fito tas, fuskar mai rigar ta koma baƙi ƙirin kamar inuwa. Ba wanda ya biya kuɗi don a nuna masa aikin ɗinkin babbar rigarsa. Da fuska ake auna haske, ko da riga za ta ɗan yi fari fiye da kima. Wanda kuma yake so ya nuna sukuwa ko naushi da tafiyar hawainiya, tun a fili zai shirya: hotuna 50 a daƙiƙa maimakon 25, a ƙara saurin ƙiftawar kyamara daga 1/50 zuwa kamar 1/250. In ba haka ba, abin da kwamfuta za ta ja masa a hankali hazo ne mai siffar doki.

Wuri ɗaya ne bai kamata a bi masu laima ba. Su ba su da sauti, don abin da makirufo ke ji a wannan gudu rugugin iska ne kawai, shi ya sa suke rufe komai da kiɗa. A nan kuwa sauti rabin dukiyar ne: kakaki, algaita, tambari, kirarin maroƙi, kalangun gidan dambe, ƙarar kofato. Abin takaici ne a ɗauki hawa mai kyau, a zo wajen tacewa a kashe duk wannan a ɗora waƙar da ake yayi bana, wadda baɗi ba mai son ji, ba a kuma nemi izinin mai ita ba. Muryar makaɗi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, tana kunnen jikokin da ba su gan shi ba saboda wasu sun naɗa sun adana. Maroƙin da ke gaban dokin hakimi yau ma irin wannan gata yake buƙata. A rage ƙarfin ɗaukar sauti da hannu kafin 'yan bindiga su fara, don sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. A rufa wa makirufo soso ko ƙyalle mai gashi saboda iskar hunturu, a kuma sa abin ji a kunne ɗaya.

Na gaba a sana'ar sun sha wata wahala da ta zame musu makaranta. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kuma ake lissafa shi a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo, a zamanin kaset ɗin VHS aka yi shi, lokacin da kowane kwafi ya fi na gabansa dushewa. Da MiniDV ta shigo bayan 1995, kaset ɗaya minti 60 ne, shigar da shi kwamfuta ta wayar FireWire kuma sai an zauna masa minti 60 cif, ya cinye wajen gigabait 13. Mai kaset uku a aljihu yakan yi tunani kafin ya danna. Yau memori ya sa yaro ya dawo daga biki da awa shida yana ganin ya yi ƙoƙari, alhali kwana uku zai yi yana laluben minti ashirin a ciki.

Kafin a taɓa komai, a kwafe memorin wuri biyu. Daga nan, ko da Adobe Premiere ake aiki, ko EDIUS, ko DaVinci Resolve da ke da na kyauta, ko CapCut a waya, yawancin aikin zubarwa ne. Zamanin Ulead da Pinnacle ya bar wa masu bidiyon biki wata al'ada ta hoto ya naɗe kamar tabarma, ya fashe ya zama taurari, ya dawo cikin siffar zuciya. Yanka kai tsaye ya fi, musamman a abu mai gudu. Dokin da ya fita ta dama a wannan hoto, ta hagu ya kamata ya shigo a na gaba, in ba so ake a ce ya yi kwana ya koma gida ba.

Sai dai mai biki ba fim ya zo saye ba. So yake ya ga kawunsa da ya taso daga Ƙaura Namoda, da surukansa na Funtuwa, kowa da fuskarsa, kuma ranar da aka rasa ɗaya daga cikinsu, wannan daƙiƙa biyar ɗin ita za a riƙa nema. Wanda ya yanke dattijo don hoto ya yi armashi bai gane abin da aka saya a wurinsa ba. Mafita ita ce a yi biyu: gajere mai gudu, na minti bakwai zuwa goma, wanda za a tura wa 'yan uwa, da dogo mai babi-babi, ɗaurin aure daban, hawa daban, walima daban, a jera su a shafin zaɓi na farkon faifai. Rubutun da za a ɗora kuma a bi shi a hankali. Laƙabin sarkin Gusau Sarkin Katsina ne, na Tsafe 'Yandoto, na Bungudu Sarkin Fulani. Baƙon da bai sani ba ya tambayi mutanen fada, haka kuma sarautar kowane hakimi. Wasu salon haruffa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su sa ɗan akwati a madadinsu, kuma tsohuwar talabijin mai ƙeya tana cinye gefen hoto, har da rabin sunan uban amarya in an kai shi baki.

Matashi na iya cewa faifai ya mutu, kuma a kasuwar fim da gaskiyarsa: masu tura finafinai a waya da YouTube sun kwashe cinikin da a da ake yi a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Amma Bazamfare yana da dalilin da zai sa ya yi jinkirin yi wa faifai jana'iza. A ranar 3 ga Satumba 2021 aka ba kamfanonin waya umarnin rufe layukansu a faɗin jihar. Gusau ta sami sauƙi a farkon Oktoba, sauran yankuna sai wajen ƙarshen Nuwamba. A waɗannan makonni duk wanda hoton bikinsa ke ajiye a intanet yana jiran a sauke, da shi da babu duk ɗaya. Mai faifai da inji da ɗan janareta ko sola kuwa kallonsa ya ci gaba. Waya ana sacewa, tana faɗawa ruwa, ana goge ta a wurin gyara. Dattijo kuma ya fi natsuwa da abin da zai sa a akwati tare da takardun gona.

Faifai dai ba ya yafiya. Na DVD da aka saba an rubuta masa gigabait 4.7, kwamfuta kuma za ta nuna 4.38, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. Awa ɗaya da 'yan mintuna yake ɗauka da cikakken kyau, awa biyu da kyau matsakaici. Mai cusa awa huɗu don ya tsimi faifai ɗaya, a wurin ɗaurin aure inda mutane ke zaune ba zai ga illa sosai ba, amma da an zo hawa asirinsa zai tonu. Tsarin MPEG-2 da DVD ke aiki da shi ba ya ajiye kowane hoto cikakke, yawanci bambancin da ke tsakanin hoto da maƙwabcinsa yake rubutawa. Liman a zaune, bambancin kaɗan ne. Dawaki ashirin cikin ƙura da kayan ado masu ƙyalli kuwa komai na canzawa lokaci guda, in ba a ba shi wuri ba sai hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai kamar jeren bulo. Hawa da dambe su sami nasu faifai.

Najeriya tsarin PAL take bi, hotuna 25 a daƙiƙa, ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye. Kyamarar gwanjo da ta fito daga Amurka ko Japan tana iya zuwa da tsarin NTSC mai kusan 30, wayoyi ma yawanci a 30 suke zuwa. In aka gauraya su a aiki ɗaya doki zai riƙa gudu da ɗingishi, a ɗakin taro da dare kuma hoton na iya yin ƙyaf-ƙyaf, don wutar ƙasar nan a 50 take bugawa. A daidaita kowace na'ura a 25 ko 50 kafin a bar gida. Hoton 1920 da 1080 idan ya sauka DVD, kashi ɗaya cikin biyar na ɗigonsa ke saura, siririn rubutun da ya yi kyau a kwamfuta zai narke a talabijin. A kuma gaya wa manhajar faifai cewa hoton mai faɗi ne, 16:9, kada ango ya fito dogo siriri kamar karan dawa.

Jefa fayil ɗin MP4 a faifai ba shi ne yin DVD ba. Wasu injina za su karanta, da yawa za su ƙi. Faifan bidiyo na gaskiya yana da jaka mai suna VIDEO_TS, kuma sai an rufe shi bayan bugawa. DVD-R ya fi shiga tsofaffin injina, bugawa a hankali, kamar 4x ko 8x, tana rage tsalle-tsalle, kuma ba a farawa sai an tabbata wuta ba za ta ɗauke a tsakiya ba. A rubuta suna da alƙalami mai laushin baki, ba biro ba. Faifan da ake bugawa a shago wani rini ne a cikinsa ke riƙe da hoton, zafi da hasken rana suna cin sa, don haka wanda aka manta a gaban mota a zafin Afrilu na Gusau, lokacin da ake haura digiri 40, sai dai a yi haƙuri. Filash ma da nasa tarko: wanda ke kan tsarin FAT32, wanda tsofaffin talabijin suka fi ganewa, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4.

Saura magana mafi nauyi. Mai kyamarar biki yana shiga inda baƙo ba ya shiga. Ranar kamu da sa lalle mata a sake suke, ba mayafi, suna rawa tsakaninsu, sun yarda ne don sun ɗauka hoton a gida zai tsaya. A Zamfara, jihar da ta fara aiwatar da shari'a a watan Janairu na 2000, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ko ba hukuma, akwai aure da zumuncin da ɗan guntun bidiyo ya isa ya rusa. Masu sana'ar fim a Kano ba su manta 2007 ba, shekarar da bidiyon waya ɗaya da ya kuɓuce daga hannun masu shi ya jawo aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka zauna ba aiki. Yawancin ɓarakar ba da mugunta take fitowa ba. Kwamfutar shago ce da kowa ke taɓawa, ko memorin da aka ba da aro ba a goge ba, ko na'urar da aka kai gyara da komai a cikinta, ko yaron da ya ɗora guntu a TikTok don tallar aikinsa bai tambayi kowa ba. Ga kuma halin tsaro. Hoton da ya nuna ƙofar gidan mai hali, da motocinsa, da wanda ya yi liƙi da bandir-bandir, ba kowa ya kamata ya gani ba a wannan zamani na masu satar mutane. Shingen jami'an tsaro a hanyar Tsafe kuwa, a cikin jaka kyamara ke wuce shi.

Nan akwai ƙofa a buɗe ga 'yan mata. Gidaje da yawa za su fi sakewa idan mace ce ta ɗauki ɓangaren mata, ita ta tace shi, ta buga shi a faifai daban da na maza, ta miƙa wa uwar amarya hannu da hannu. Gusau, garin da ke da kwalejin ilimi ta fasaha ta tarayya, ta mata zalla, bai kamata ya rasa masu iya wannan ba.

Ranar kai aiki, wanda ya san abin da yake yi ba ya aika yaro. Ya riga ya kalli faifan daga farko har ƙarshe a wani tsohon inji da ya ajiye a shago don wannan kawai, ba a kwamfutar da ta buga shi ba, wadda ba ta ƙin ɗanta. Ya hau mota a Gusau ya sauka Bungudu da faifai biyu a kwali da filash a aljihu, kwafi na uku yana kulle a shago, an kuma yi magana da mai biki kan wata nawa za a riƙe shi kafin a goge. A falon Alhaji a tayar da janareta, a hure ƙurar da ke bakin injin, yara su cika tabarma, mata su leƙo ta labule. Inji ya haɗiye faifan, ya yi ɗan gurnani, shafin zaɓi ya fito. Ba a kai minti goma ba Alhaji zai ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Maido min wurin dokin ga, in ga ko yaron ga ya zauna daidai bisa sirdi."

"To, Baba. Babi na uku ne."